Cuku da dabino don baƙin Sallah

Hirar matan unguwarmu a Tahoua ta tsaya kan ƙananan samosa masu cuku da dabino don tarbar baƙin Sallah. Bakinsu ya zo ɗaya kan cuku: namu busasshe ne, ba ya narkewa kamar na kanti, sai an jiƙa shi ya yi laushi sannan a daddatsa ƙanana. Dabino kuwa a cire ƙwallon, a ɗan daka. Mangwaro bai samu karɓuwa ba, ruwansa kan jiƙa kwaɓin har ya fashe cikin mai. Ni dai shawarar Inna ta fi kwanta mini: a naɗe su ranar jajibiri, a manne baki da ruwan fulawa, a soya da safe, kowanne loma ɗaya.