Sabon shiga a Age of Empires II: daga ina zan fara gyara?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne muke buga Age of Empires II: Definitive Edition, wasan kwamfuta na gina gari da yaƙi, ta intanet a ƙarshen mako, don nishaɗi kawai. Kafin in ankara abokan wasa sun shiga zamani na biyu, ni kuwa ina fama da ƙarancin abinci, ga aladen daji yana kashe mini ma'aikata. Me ya kamata in fara koya?

Sarkin_Noma:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye maganar yaƙi tukuna, ka riƙe abu guda: kada cibiyar garinka ta zauna ba ta fitar da ma'aikaci. Kowane ma'aikaci abinci 50 ne, daƙiƙa 25 kuma yake ɗauka. In ta yi minti ɗaya a banza ka yi asarar mutum biyu, kuma da wuya ka cike giɓin.

Galibi ana farawa da ma'aikata uku da mahayin leƙen asiri ɗaya, wurin mutum biyar ne kacal. Saboda haka da an fara, sa layin ma'aikata, ka gina gidaje biyu nan take, itace 25 kowanne, kowane gida yana ƙara wurin mutum biyar. Shida na farko su hau tumaki a gindin cibiya, tunkiya ɗaya bayan ɗaya, domin naman da aka yanka aka bari lalacewa yake yi. Huɗu na gaba su gina ma'ajiyar itace a manne da daji. Sai mai jawo alade, sai huɗu a 'ya'yan itace da maniƙarsu. Da mutane 21 ko 22 za ka tara abinci 500 na shiga Feudal, wato zamani na biyu, muddin kana da gine-gine biyu. Gidaje ba sa cikin lissafin.

Batun alade: abinci 340 ne a jikinsa, bai kamata a bar shi ba. Sayi Loom, ingantawar da ke ƙara wa ma'aikata juriya, da zinariya 50, ka tura mutum ɗaya ya harbe shi, ya juyo a guje zuwa cibiya, sauran su far masa. In jinin mai jawo aladen ya yi ƙasa, shigar da shi cikin cibiya. Tsayawa a yi fito-na-fito da alade ne ke kashe ma'aikaci.

Baraden_Yamma:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ƙarina a kan soja ne. Sabbin 'yan wasa sukan tara itace 1000 a ajiye alhali barikinsu fayau, dukiyar da ba a kashe ba kuwa ba ta tare kowa. Zaɓi runduna iri ɗaya ka tsaya a kanta. Cikin al'ummomin da ake zaɓa a wasan, Franks sun fi sauƙi: ka kai zamani na uku, wato Castle, da abinci 800 da zinariya 200, ka yi ta fitar da barade, kowanne abinci 60 da zinariya 75. Masu dogon mashi ne maganin dawakai, 'yan jifa maganin 'yan baka, dawakai kuma su tattake 'yan jifa. Mahayinka ya riƙa zagaya garin abokin gaba, ka ga abin da yake ginawa kafin ka zaɓi martani.

Hajiya_Ganuwa:
Ni dai ban ga amfanin jefa shi a taswirar Arabia yanzu ba, fili ne buɗaɗɗe, hari kan zo da wuri. Ku koma taswirar Arena, inda kowa ke farawa cikin ganuwa, ko ku huɗun ku haɗa kai ku yaƙi kwamfuta a matakin Moderate. Akwai kuma darussan Art of War a cikin wasan, ka maimaita na tattalin arziki har hannu ya faɗa.

Maɓallai uku sun ishe ka a makon farko: H ya kai ka cibiya, alamar aya ta nuna ma'aikacin da ke zaman banza, Ctrl da 1 su ɗaure rundunarka a lamba ɗaya. In intanet ɗinka na yankewa, ka guji wasan mutum takwas, ka kuma haɗa kwamfutar da kebul in da hali, don jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa alade ya cim ma mai jawo shi.