Yaushe za mu fito da kayan tarihin Zango a gani?

Malamin Aboabo:
Assalamu alaikum. Na kai ɗalibaina gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante da ke Kumasi a nan Gana, don su ga kayan zinariya da azurfa na Asante guda 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka bayar aro a 2024, shekara 150 bayan sojojin Ingila sun ƙone Kumasi. Yaran sun yi tsit a gaban takobin sarauta, amma muna fitowa wata yarinya ta ja hannun rigata ta ce, "Malam, mu namu kayan suna ina?" Wallahi na rasa amsa. Ina so mu ware yini guda a Zango, unguwarmu ta Hausawa da sauran Musulmi, wataƙila 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, mu baje abin da kakanninmu suka bari. Ta ina ake farawa?

Hajiya ta Nima:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da akwatunan da ke ƙarƙashin gadajen tsofaffinmu. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe nasa, muka tarar da gafaka cike da takardun ajami, har da wasiƙun cinikin goro daga Salaga, amma gara ta cinye kusan rabi, danshin damina kuma ya manne sauran har tawada ta ratsa bayan takarda. Da an taɓa yin irin taron da kake nufi, da mun san cewa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon tana adana irin waɗannan rubuce-rubuce, ciki har da waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934. Sai dai ka tabbatar wa iyalai tun farko cewa hoto kawai za a ɗauka, domin babu mai fito da gadon ubansa in yana tsoron za a karɓe.

Ɗalibi daga Legon:
Baba, a haɗa da abin da ke cikin ƙasa. A Begho, kufan wani tsohon garin kasuwanci kusa da garin Hani, masu tonon tarihi sun yi aiki a unguwar Kramo, inda Musulmi 'yan kasuwa suka zauna ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Abin da ya kamata jama'a su ji shi ne, tukunyar da aka tone aka kai kasuwa ta rasa yawancin amfaninta, saboda zurfin da take da abin da ke kwance kusa da ita su ne ke nuna shekarunta. A gayyaci Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana ta yi wannan bayani, a samu mai fassara da Hausa.

Malamin Aboabo:
Allah ya jiƙan mahaifinku, Hajiya. Zan fara gaida Sarkin Zango da limamai bayan sallar Juma'a, tunda da yawunsu ne akwatunan za su buɗu. In kin amince, gafakar nan ce nake so yarinyar ta fara gani.