Neman shawara: an ce jakar iskar motata na iya fashewa da ƙarafuna, yaya zan yi?

Baban Amira, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min da shawara. Ina da Corolla ƙirar 2004, 'yar Amurka, hannu na biyu. Lafiyarta ƙalau, ba ta shan mai, babu fitilar da ke kunne a dashbod. To ƙanina da ke karatu a Amurka ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce a can an gargaɗi masu irin wannan motar da su daina hawanta har sai an canza jakar iskar da ke gaban fasinja, wai idan ta tashi tana iya feso gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum. Na kai wa bakanikena, ya ce shi bai taɓa ji ba, amma idan raina bai kwanta ba a cire fis ɗinta, ko mu shiga Ƙofar Ruwa mu sayo ta Beljiyam a saka. Abin da ya fi damuna, uwargida ce ke zama a wannan kujerar, sau da yawa da Amira a cinyarta. Ba ni da halin canza mota yanzu. Maganar gaskiya ce? Idan gaskiya ce, wanne zan bi?

Direban Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam ka kwantar da hankalinka. Irin motar na daɗe ina ja a hanyar Kano zuwa Kaduna, ban taɓa ganin komai ba. Turawa akwai su da zuzuta abu.

Injiniya daga Texas:
Malam direba, Allah Ya ci gaba da tsarewa, amma jakar iska ba ta nuna halinta sai ranar da aka yi karo. Shi ya sa ba ka ga komai ba.

Baban Amira, ƙaninka bai yi maka ƙarya ba. Kamfanin Takata na ƙasar Japan ne ya ƙera wa kamfanonin mota da yawa waɗannan jakunkuna, ciki har da Honda, Toyota, Nissan, Mazda, Ford da BMW. A bayan kowace jaka akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa ya hura ta cikin ƙiftawar ido. Takata sun yi amfani da amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da shi. Idan ya shekara da shekaru yana shan zafi da danshi sai ya lalace, ranar da aka yi karo ya ci da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ƙarafunan su keta jakar su nufi wuya da fuska. Ko ƙaramin karo ne, irin wanda mutum zai fito ya duba bamba ya wuce, in dai jakar ta tashi to abin na iya faruwa.

A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan miliyan 67 na waɗannan jakunkuna, wato an nemi masu motocin su dawo da su a canza musu. Hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28, waɗanda suka ji rauni kuma sun haura 400. An kuma rasa rayuka a Maleshiya. A 2017 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotun Amurka kan ɓoye sakamakon gwaje-gwajensa, aka ɗora masa biyan dala biliyan ɗaya, a shekarar kuma ya durƙushe. A watan Janairun 2024 Toyota da kanta ta ce masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005, waɗanda ba a gyara ba, su ajiye su. Kafin nan, a 2023, Honda ta faɗi haka kan Accord da Civic na 2001 da 2002, wato har da wadda muke kira Baby Boy.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba lambar shasi. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, haruffa da lambobi guda 17. Shiga shafin NHTSA a intanet, sashen kiranye, ka rubuta ta. Idan mai motar na farko ya riga ya kai an canza kafin a shigo da ita, zai nuna babu sauran gyara a kanta, ka huta.

Maman Sadiq:
Ni dai kafin a kai ga maganar gwangwani, don girman Allah a daina zama da yaro a cinya a kujerar gaba. Ko lafiyayyiyar jaka ce, ƙarfin fitowarta kaɗai ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Ka ce da Maman Amira ta koma baya ita da yarinyar tun daga yau, kowa ya ɗaura bel. Wannan ba ya bukatar kuɗi.

Oga rewaya, Panteka:
Alhaji ni wannan ce sana'ata, bari in faɗa maka abin da nake gani da idona. Kar ka yarda da ta Beljiyam a wannan maganar. Ni kaina ina sayen kayan Beljiyam, kik ko altaneta ko fitila, sau da yawa sun fi sabon jabu ƙarko. Amma jakar iska daban ce. Wadda za a ciro maka daga wata Corolla ta 2004 ai ƙanwar taka ce, kamfani ɗaya, sinadari ɗaya, shekaru ɗaya. Ta ma fi taka wahala, don ta kwana a kwantena a tashar ruwa, ta zo ta sha rana da damina a rumfa. Ka biya kuɗi ka sayo ciwon da kake gudu.

Sannan akwai wani abin da ya fi wannan muni. Motoci da yawa da ake shigowa da su masu haɗari ne aka saya a gwanjo aka gyara. Na sha buɗe sitiyari in tarar babu komai a ciki sai soso da tsumma, an manne murfin da gam, an laƙa ɗan resista a waya don fitilar SRS, wato fitilar gargaɗin jakar iska da ke dashbod, ta mutu. Wani ma kwan fitilar yake cirewa gaba ɗaya. Gwada da kanka: murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Fitilar SRS ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, an taɓa wurin. Amma ka sani, ko ta kama ta mutu daidai, wannan bai wanke ta daga matsalar Takata ba, domin kwamfutar mota ba ta iya sanin halin da sinadarin ke ciki.

Maganar cire fis kuwa, wannan zai kashe maka har ta sitiyari da mai ɗame bel lokacin karo. Ka toshe ƙofa ɗaya ka buɗe uku.

Malam na Sabon Gari:
Idan ka yanke shawarar sayarwa, to wajibi ne ka bayyana wa mai saye wannan aibin. Ɓoye shi ha'inci ne, balle abin da ya shafi rai. Allah Ya ba ka mafita.

Baban Amira, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na saka lambar kamar yadda Injiniya ya ce, kuma ya nuna ba a taɓa gyara ta ba. Fitilar tana kamawa ta mutu daidai. Uwargida da Amira sun koma baya. Yanzu ina zan samu sabuwa ta gaskiya? Kuma ni da ke tuƙi, tunda ta wancan ɓangaren ce, ina cikin hatsari?

Injiniya daga Texas:
Kana ciki, shi ya sa Toyota ba ta ce a bar kujerar kawai ba, cewa ta yi a ajiye motar. A tsofaffin motoci da dama jakar fasinja na tashi ko babu kowa a kujerar, kuma ƙarfe ba ya zaɓar hanya. Ka ajiye ta har a gyara, ka lallaɓa da adaidaita na ɗan lokaci.

Ɗauki hoton sakamakon ka je wurin dillalin Toyota mai lasisi da lambar shasin, ka tambaye su ko suna yin gyaran kiranye. A nan Amurka kyauta ake yi. Idan ba ka samu a wurinsu ba, a yi maka odar sabon gwangwanin ta hannun dillalin kamfani, da lambar shasinka. Kar ƙaninka ya sayo a kasuwar intanet don ya ga araha. A 2024 NHTSA ta yi gargaɗi kan wasu na jabu da aka saka wa motocin da suka taɓa yin haɗari, su ma sun kashe mutane. Kuma ba a sako shi a jakar matafiyi a jirgi, abin fashewa ne, sai ta hanyar masu dakon irin waɗannan kaya.

Oga rewaya, Panteka:
Idan kayan ya iso, kar a ba yaron gareji. Wanda zai yi aikin ya cire kan batir tukuna, ya jira 'yan mintuna kafin ya taɓa wayar jakar iskar, mai ruwan ɗorawa. Tsohon kuma kar a jefar a bola ko a sayar wa 'yan gwangwan, wani zai ɗauka ya saka wa wata motar, ko yaro ya jefa a wuta. Ka mayar da shi wurin dillalin da ya kawo maka sabon.