Wa ya taɓa zuwa Dagona, bakin kogin Yobe? A ba mu labari

Malamin sakandare, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ilimin ƙasa nake koyarwa, kuma ina so in kai ɗalibai goma Dagona da ke ƙaramar hukumar Bade su ga kogi da tsuntsaye da idonsu, ba a allo kawai ba. Hutun da nake hange shi ne ƙarshen Maris. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗi abin da ya gani, da watan da ya je.

Ɗan Gashuwa: Wa alaikumus salam Malam. In tsuntsaye kake nema, Maris ka makara. Kogin nan namu ruwan aro yake sha. Na Haɗeja ya kwaso na ƙasar Kano, na Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi, su haɗu kafin Gashuwa. Sai damina ta yi nisa yake iso mana, ya tumbatsa wajen Satumba da Oktoba, daga nan ya fara ja da baya. Muna yara akwai shekarun da muke tsallaka shi da ƙafa da bazara, yashi na ƙona mana tafin sawu, a daidai inda wata shida baya sai da kwalekwale. Ka zo tsakanin Disamba da farkon Fabrairu.

Ma'aikaciyar jinya, na yi hidimar ƙasa a Nguru: Gaskiyar ɗan'uwa ce. Ni a Janairu na je, kuma har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Mun tashi bayan asuba cikin hazo, sanyi na ratsa ƙashi. Dagona tafki ne da kogi ya yanke ya bari, giyayya da bagaruwa sun kewaye shi, goruba na can baya. Da muka isa ban ga komai ba sai wani baƙi-baƙi a kan ruwa, na ɗauka ciyawa ce. Jagoranmu ya ce mu tsuguna mu yi shiru. Rana na ɗagowa sai ciyawar ta fara motsi, ashe agwagin ruwa ne, ba su ƙirguwa. Kirinjijiya na ta fito, dinya na kiwo a gefe, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Wata shirwa ta gifta, gaba ɗaya suka tashi, ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama a kan kwano. Wallahi sai da na yi hawaye.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da jagoran ya nuna wasu ƙananan agwagi ya ce baƙi ne, daga Turai suke, sun ƙetare teku da Sahara don su yi hunturu a nan, kuma kafin zafi ya kankama za su koma. Shi ya sa Malam, in ka zo ƙarshen Maris, yawancinsu sun tafi. Saboda su ne ma marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a 1989. Ka sa yara su sa tufafi marasa haske, kuma ka ari madubin hangen nesa ko da biyu ne.

Jikan masunta, Bade: Yaya, kin ga kyau, amma kakana zai ce miki ragowa kika gani. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, ruwan kuma ya daina bin lokacinsa. Inda ya daina bushewa sai kacalla ta samu wurin zama. Ciyawar nan ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa ta wajen Marma da Nguru, tsuntsun jan baki kuma ya mai da ita gida yana fitowa yana cinye mana shinkafa da dawa. Na sha shiga aikin gayya muna saranta da lauje, ruwa har ƙirji, matsattsaku na kama mu.

Malam, in ka zo ka nemi wani dattijo ya nuna wa yara yadda ake haƙo gaiwa. Kifi ne da ke binne kansa a laka in ruwa ya janye, ya yi watanni a busasshiyar ƙasa yana jiran damina. Ranar da kakana ya sa fartanya a tsattsagaggiyar ƙasa ya fito da kifi mai rai, ina ɗan shekara bakwai, na ruga gida da gudu.

Manomin tattasai, Diffa: Mu nan ƙasa Komadugu muke ce mai, shi ne iyakarmu da Najeriya har ya faɗa tafkin Chadi. Ruwan da kuka sallama a Gashuwa sai ya yi makonni kafin ya cika wurinmu, ana sanyi muna ban ruwan tattasai da shi. A 2019 ya yi mana ɓarna sosai. Shawarata ɗaya ce: kada a biyo kogi da yara zuwa gabas, sha'anin tsaro bai daidaita ba. A tsaya yamma, kuma a tambayi mutanen gari kafin a shiga daji.

Direban motar haya, Haɗeja: Ni ban yarda da cewa bazara ba abin gani ba. A Afrilu na kai wasu baƙi can, motata ta kafe a rairayi muka yi awa uku a bakin kogi. Ruwa ya koma 'yan kududdufai, kuma duk mai rai dole ya zo nan. Na ga Fulani sun tona rijiya a tsakiyar kogin suna shayar da shanu da ƙwarya, balbela na bin su. Na ga jan biri sun sauko daga kan tsamiya, babbansu na gadi sauran na sha. Guza ya wuce ta gabana ko a jikinsa. A kan laka akwai sawun dila da na tsuntsaye iri-iri, wani yaro makiyayi ya zauna yana karanta min su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai zafi, Malam. Ban ba ka shawarar kai ɗalibai cikin wannan rana ba, amma kai kaɗai ya kamata ka gani.

Malamin sakandare, Kano: Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Zan nemi shugaban makaranta ya mai da tafiyar yara hutun Disamba. Ni kuma zan zo a Maris ɗin in ga hanya, in ga kogin a bushe. Izinin shiga fa?

Ɗan Gashuwa: Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, ma'aikatansu za su ba ka izini da jagora. In ka sa rana ka sanar da ni, Malam, sai in tare ka a tasha mu je tare.