Abin da masana suka ce kan aikin binciken tsaron ruwa

A tattaunawar da aka yi a Birnin Kebbi kan yadda sabon shiga zai fara wannan aiki, bakin masana ya zo ɗaya: ka fara da kogin Neja kafin ka hango teku. Ta Kebbi yake shigowa Najeriya, kuma zama da masu kwale-kwale a Lolo ko Yawuri zai nuna maka yadda kaya ke tsallake iyaka.

Sai karatu: yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan tsaron teku a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, dokar Najeriya ta yaƙi da fashin teku ta 2019, da rahotannin NIMASA, hukumar kula da sufuri da tsaron teku ta Najeriya. Faransanci kuwa dole ne, in ba haka ba takardun Nijar da Benin sun fi ƙarfinka.

Sabbin shiga sukan yi tuntuɓe wajen dogaro da alƙaluman hukuma kaɗai, alhali wasu masu jirgi na ɓoye hari don gudun tsadar inshora. Takardar shawara kuma kada ta wuce shafi 2, don jami'i ba ya da lokacin doguwa.