Simplex ba "hanya mai sauƙi" ba ce, to me za mu kira ta?

Malamin lissafi, Agege:
Assalamu alaikum. Daren Laraba bayan Isha'i ina bita da ɗalibai uku 'yan unguwarmu a kan darasin da Turawa ke kira linear programming, wato lissafin neman tsarin da ya fi araha ko riba a cikin wasu sharuɗɗa, sai ɗayansu ya ce, "Malam, ai simplex method hanya mai sauƙi ke nan." Na ce a'a. Ya ce to mece ce? Na rasa ta cewa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

A lissafi, simplex sunan siffa ne: alwatika, da dala mai fuska huɗu, da danginsu. George Dantzig ne ya fito da dabarar a 1947 yana aiki da rundunar sojin saman Amurka. Programming ɗin ma ba rubuta manhajar kwamfuta ba ne, a bakin sojojin lokacin tsara aiki da rabon kaya ake nufi. Tun 1939 Leonid Kantorovich ya yi irin wannan lissafi a Leningrad don masana'antar katako. Ku taya ni nema wa dabarar suna da Hausa.

Mai haɗa abincin kaji, Oko-Oba:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni ban yi nisa a boko ba. Amma a nuna mana aikin da take yi tukuna, ba a raɗa wa yaro suna yana ciki.

Malamin lissafi:
Alhaji, bari in yi misali da sana'arka. Kana son haɗin da bai gaza kilo 100 ba, kuma furotin ɗinsa kada ya gaza kilo 16. Masara tana da wajen kashi 9 cikin 100, soya da aka tatse manta wajen kashi 44. A ce kilon masara naira 500, na soya 1,000. Wane haɗi ne zai cika sharuɗɗan da kuɗi mafi ƙaranci?

Kowane sharaɗi kamar shinge ne. Idan an zana su sai su killace fili, duk haɗin da ke cikin filin ya halatta. Haɗin mafi araha kuwa ana samun sa ne a kusurwa. A nan kusurwoyi uku ne. Soya zalla kilo 100, naira 100,000. Masara 80 da soya 20, naira 60,000. Masara zalla, sai ka zuba wajen kilo 178 kafin furotin ya kai, kusan naira 89,000. Dabarar ba ta laluben filin duka. Tana tsayawa a kusurwa guda, ta duba maƙwabtanta, idan akwai wadda ta fi araha ta bi jikin shinge ta koma can. Ranar da ta duba ba wadda ta fi, ta iso.

Ɗaliba, Yaba:
Malam, ai ga sunan ka faɗa da bakinka: dabarar bin kusurwa. Na so in ce lungu, amma lungu ɓoyayyen wuri ne. Kwana kuma ta direbobi ce, lanƙwasar hanya take kawowa a rai.

Malamin lissafi:
Allah ya yi miki albarka, na karɓa. Wanda ya ji bin kusurwa ya riga ya san rabin darasin, wanda ya ji simfiles bai san komai ba. A jarrabawa ku rubuta na Turanci, amma a bita da wannan za mu riƙa tunani.

Dillalin hatsi, Mile 12:
Malam, da gyara a lissafinka. Wanda ya ɗauki buhu hamsin ba ya biyan kuɗin wanda ya ɗauki ɗaya. Akwai ragi.

Malamin lissafi:
Maigida, ka taɓo ainihin ma'anar linear. Lissafin ya ɗauka cewa buhu biyu ninkin kuɗin buhu ɗaya ne, hamsin kuma ninki hamsin, ba ragi ba ƙari, shi ya sa zanensa ke fita a miƙe kamar zaren magini. Da ragin sari ya shigo, layin ya lanƙwashe, sai an yi wa lissafin kwaskwarima. Don haka nake ganin a ce lissafin miƙaƙƙen tsari.

Minimization kuma na ga wasu na cewa ragewa, ban yarda ba. Wanda ya sauko daga 100,000 zuwa 89,000 ya rage, amma bai kai 60,000 ba. Neman mafi ƙaranci ya fi. George Stigler, masanin tattalin arziki, a 1945 ya lalubi abincin shekara mafi araha da zai cika bukatun jikin mutum ɗaya daga abinci iri 77, ya samu dala 39.93 a farashin 1939. A 1947 aka bi kusurwa da injinan lissafi na hannu aka samu 39.69. Shi ya rage, su suka kai ƙarshe.

Ɗaliba:
Saura baƙaƙen da ake ƙarawa a sharuɗɗan kafin a zana jadawalin lissafin. Slack da surplus ina ganin saura da rara. A soya zalla furotin 44 ne, ana bukatar 16, rara 28. Amma artificial variable fa? Na jabu?

Mai haɗa abincin kaji:
Mene ne aikinsa, 'yata?

Ɗaliba:
Baba, idan sharaɗin na "kada ya gaza" ne, sau da yawa ba a da kusurwar farawa. Sai a sa shi ya riƙe wurin, a ɗora masa tsada mai yawa don lissafin ya fitar da shi. Idan an gama bai koma sifili ba, to babu haɗin da zai cika sharuɗɗan.

Mai haɗa abincin kaji:
Wannan ba jabu ba ne, mai riƙon ƙwarya ne. Malam, ranar Asabar da hantsi ka kawo yaran shagona. Akwai dusar alkama da ƙuli-ƙuli da garin ƙashi da ban ji ka sa a misalinka ba, su zo da biro su gwada mini da farashin ranar.