Bidiyon kamu ya koɗe a laptop, a waya kuma ras

Mai Kamara: Salamu alaikum jama'a. Na ɗauki bidiyon kamu da iPhone 13, a waya launi ras, da na tura laptop sai komai ya koɗe. Jan leshin amarya ya koma kamar tsohon zanin da ya sha rana. Wace manhaja zan buɗe shi da ita? Jibi zan miƙa aiki.

Injiniya: Wa alaikumus salam. HDR ne, wato salon bidiyo mai ƙarin haske da launi. Tun daga iPhone 12 da Dolby Vision, wani nau'in HDR, suke ɗauka in ba ka kashe ba, allonka kuma ba ya iya nuna shi.

Baban Ummi: VLC.

Mai Kamara: Ai da shi na buɗe, Baba.

Ɗan Zazzau: Danna Windows da Alt da B tare, ka kunna HDR.

Injiniya: In allon ba na HDR ba ne, ko kwana ya yi yana dannawa aikin banza ne.

Oga Edita: Kafin wani ya ce ka sayi sabon allo, saurara. Bara na sayi monita a wani shago, an rubuta HDR 400 ɓaro-ɓaro a kwali. Na zo gida, Windows ta ƙi ma nuna min wurin kunna HDR. Na canza kebul, shiru. Ashe ramin HDMI na laptop ɗin 1.4 ne, abin kuma sai 2.0 ko DisplayPort. Na jona a babbar kwamfuta ya kunnu, to nan ne takaicin ya fara. Baƙi ya zama toka, rubutu ya dushe, fim ɗin dare ba ka gane fuskar kowa. Irin waɗannan yawanci hasken bayansu tare yake tashi tare yake sauka, ba sa iya haska wata su bar sararin sama da duhunsa. Na mayar, yaron shago ya ce ba a karɓar kayan da aka buɗe. Yanzu da HDR a kashe nake aiki da shi. In ba HDR 600 zuwa sama ba ko allon OLED, riƙe kuɗinka.

Ɗan Zazzau: Allah ya mayar da alheri Oga 😂

Sarkin Apple: Duk wahalar Windows ce. MacBook Pro mai inci 14 haskensa yana kai nit 1600, ka buɗe kawai ka kalla.

Baban Ummi: Kai za ka saya masa?

Sarkin Apple: Baba shawara aka nema.

Injiniya: Wani abin kuma, ko laptop mai HDR ce, Windows takan kashe shi in tana kan batir.

Ɗan Zazzau: To mu da rabonmu da wuta tun Talata an gama da mu ke nan.

Anti Zee: Ku tsaya. Dangin amarya a talabijin ɗin falo da WhatsApp za su kalla, wa ya damu da allonsa? Ƙanena, sa bidiyon a manhajar HandBrake, a wajen Filters ka mayar da launi BT.709, wato na bidiyon yau da kullum. Gobe kuma ka shiga saitin kamara ka kashe HDR kafin ɗauka.

Sarkin Apple: Haba Anti, a zubar da inganci haka?

Mai Kamara: Na gode Anti. HandBrake ɗin kyauta ne?

Baban Ummi: Wai waye ya tafi da cajata ranar Juma'a?